Ƙafafun Gaban Motar Lawali Tela

A shekarar 1958 motocin da ke kwana a garin Gwandu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ɗaya daga cikinsu ta Lawali Tela ce. Lawali gajeren mutum ne mai saurin baki, ya daɗe yana ɗinki a rumfarsa ta bakin kasuwa. Tun ranar da ya kwance keken ɗinkinsa kaf ya mayar da shi bai ɓatar da ko kusa ɗaya ba, ya sa a ransa cewa duk wani abu mai noti a duniyar nan ƙanen keken ɗinki ne.

Motar kuwa wurin wani Bature mai sayen auduga ya same ta, lokacin da Baturen zai koma ƙasarsu. Kafin ma ta shigo hannun Baturen ta riga ta ga duniya. Lawali ya rabu da bijimai biyu da ya gada wurin mahaifinsa ya karɓe ta. Ƙanen mahaifin nasa, Baffa Isa, wanda ke zaune da shanunsa a gefen Malisa, bai yi faɗa ba da ya ji labari. Ya dai tako har Gwandu, ya kewaya motar da sandarsa a kafaɗa, ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya tambaya ko tana haihuwa. Aka ce masa a'a. Ya tambaya ko ana tatsar ta. Aka ce ita ma sai an ba ta take sha. Ya ce to Allah ya sa albarka, ya kama hanyar ruga.

Ba a daɗe ba motar ta fara wani hali. Gabanta na hagu ya zube, har ta zama kamar mai ƙaton tulu a kafaɗa ɗaya. In ta taka rami sai ka ji gwaram, ta duƙa ta hagu, ta ɗan jima kafin ta miƙe. Mutanen kasuwa suka ce gaisuwa take yi, wasu dattawa har amsawa suke yi in ta wuce. Lawali yakan ce ai tarbiyya ce, ba kowace mota ke da ita ba, amma a ransa abin na cin sa.

Da farkon damina saƙo ya zo daga Kalgo cewa ƙanwarsa Hadijatu, wadda ke auren wani masunci mai suna Abu, ta haifi tagwaye. Baffa Isa shi ne babba a dangi, dole ya je suna. A ƙofar masallaci, gaban jama'a, Lawali ya buɗe baki ya ce shi zai kai Baffa har ƙofar gidan Abu cikin mota, ba jaki, ba tafiyar ƙasa. Sai da maganar ta fita ya tuna da gaban hagu, amma magana zarar bunu ce.

Washegari Baffa ya zo ganin abin da zai hau. Ya sa aka tura motar gaba kaɗan, aka dawo da ita baya, yana tsugune yana kallon tafiyarta kamar yadda yake yi wa saniyar da za a sayar masa.

"Lawali, wagga abar gurguwa ce," in ji shi. "Ƙafar gaba ta hagu. Lalas taka so."

Lawali ya yi ta bayani cewa ƙarfe ba ya jin lalas. Baffa ya ce tun kafin a haifi Lawali yake warkar da gurguwar dabba, kuma ba zai sa ƙafarsa cikin abin da ba a yi wa magani ba. Haka nan aka sa ƙarfe a wuta ya yi ja, Baffa ya yi bisimilla ya ɗana wa madigadin hagu, ƙarfen da ke rufe taya, zane uku. Fenti ya ƙone, wari ya tashi. Baffa ya ce a bar ta ta huta kwana ɗaya. Da ya tafi, Lawali ya tara mutane suka tura ta zuwa maƙerar Mamman.

Mamman Maƙeri shi ne mai ƙera fartanya da lauje na rabin garin. Dogo ne, ba ya son magana, kuma ƙarar guduma ta daɗe da tafiya da kunnuwansa. In ka ce masa ina kwana, yakan ce maka sai jibi za a gama. Bai taɓa taɓa mota ba, amma da Lawali ya nuna masa da hannu, ya gyaɗa kai ya ce ƙarfe dai ƙarfe ne.

Majiya ƙarfi suka ɗaga gaban motar aka tura turame biyu a ƙarƙashi. Aka cire tayar hagu, ƙafar ta bayyana. Wani bututun ƙarfe ne mai kauri kamar damtsen mutum, a tsaye, wanda direbobi ke kira shokozoba, da sifirin ya nannaɗe shi daga sama kamar maciji a jikin reshe. Sifirin ɗin ya karye gida biyu, man da ke cikin bututun kuma ya tsiyaye tuni, sai baƙin sawu da ya bari. Suka kwance ƙafar ba wata wahala, don karyayyen sifirin ba shi da sauran ƙarfin gardama.

Nan Lawali ya kawo shawara irin ta masu sana'arsa. Tela ba ya yanka sabuwar riga sai ya shimfiɗa tsohuwa ya gwada, saboda haka a kwance ƙafar dama mai lafiya, Mamman ya ga yadda sifirin yake ya ƙera irinsa. Aka kwance ta aka jingina da bango. Lawali ya sa sufana a kan babban notin da ke samanta ya fara juyawa. Ya ji notin na da nauyi, ya ce tsatsa ce. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa sifirin mai lafiya a matse yake zaune, kuma wannan notin kaɗai ke riƙe da shi.

A juyi na ƙarshe sai aka ji wani ƙara kamar an saki tsirkiyar baka. Lawali ya ji iska ta shafi tsakar kansa. Da ya kai hannu, babu hula. Duk wanda ke wurin ya ɗaga kai, suka ga sifirin na juyi a sama da hular Lawali maƙale a jikinsa, ya haye katanga, ya ɓace. Can sai kaji suka kaure da kuka a gidan maƙwabta. Mamman, wanda ke hura wuta bai ga komai ba, ya juyo ya miƙo hannu a ba shi abin gwajin.

Gidan da sifirin ya faɗa na Ladi mai waina ne. Ladi dattijuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah ya yi mata jiki, kuma a tarihin unguwar ba a san wanda ya taɓa kayar da ita a magana ba. Lawali ya yi sallama da kai tsirara, aka ce ya shigo. Ya tarar har ta kafa sifirin a gindin randa ta ɗora tulu a kansa. Tana taɓa tulun da yatsa yana rawa a hankali, tana kallonsa cike da jin daɗi.

Lawali ya gaishe ta, ya tambayi kasuwa, ya tambayi kaji, sannan ya ce ya zo ne a kan ɗan ƙarfen can. Ladi ta ce ita ba ta san wani ƙarfen kowa ba. Tana zaune tana tankaɗe abu ya sauko mata daga sama, kuma abin da ya sauko daga sama rabo ne, ba a mayar da rabo. Hular dai ga ta can a kan danga, wannan ta yafe masa. Ya yi roƙo, ya yi rantsuwa, ya yi alkawarin ɗinka mata riga. Ta ce tana da riga. Sai da ya ambaci Kalgo ta daina taɓa tulun.

"Kalgo za ku?" ta ce. "Ni ko na daɗe ina son busasshen kifin Kalgo, wanda ba a yi ma ƙarya ba. In da ni, ɗauki ƙarfenka. Kuma gaba zan zauna."

Haka Ladi ta shiga tafiyar. Tun daga ranar kuma ta ɗauki motar tamkar tana da kaso a ciki, kullum in ta tashi daga suya sai ta ɗauko kujerarta ta zo maƙera duba aiki.

Mamman ya samo wani dogon sandan ƙarfe daga gawar wata babbar mota da ta mutu a hanyar Jega tun zamanin yaƙi. Ya gasa shi ya yi ja, ya nemi abin da zai nannaɗe shi a kai, ba a sami abin da ya yi daidai ba sai taɓaryar Ladi. Ta ba da ita da sharaɗin a dawo mata da ita lafiya. Ta dawo da baƙin zane a nannaɗe tun daga sama har ƙasa, Ladi ta duba ta ce ado ne, ta karɓa.

Da aka zo yanke tsawo, Mamman ya jera sabon sifirin da tsohon, ya ɗora kurfin yankan ƙarfe daidai inda tsohon ya ƙare. Lawali ya riƙe masa hannu. Ya ce duk telan da ya san aikinsa yakan bar rara a kalmasa, saboda yadi na shiga in ya sha ruwa, mai riga kuma na ƙiba. Hanyar Kalgo yashi ce da ramuka, in gaban motar ya ɗan ƙara tsawo ma alheri ne. Ya matsar da kurfin gaba da tafin hannu guda. Mamman bai ji bayanin ba, amma ya ga inda aka nuna, ya sara.

Saura mai. A duk Gwandu ba mai man shokozoba, sai an je Sakkwato, suna kuma ya matso. Lawali ya juye ɗan man keken ɗinkinsa a bututun hagu, ya leƙa, ko ƙasan bai jiƙa ba. Ladi ta ce mai dai mai ne, ta kawo man gyaɗan suyarta aka cika na hagu. Baffa Isa ya iso daidai lokacin don ya ga yadda lalas ɗinsa ya yi aiki, ya tarar da ƙafafu biyu a ƙasa, ya ce ai ga shi nan ciwon ya fito fili. Da ya ji man gyaɗa aka zuba wa ƙafa ɗaya, ransa ya ɓaci. Ya ce abin da aka samu da bijiman ɗan'uwansa ba zai rayu da man gyaɗa ba. Ya aika ruga aka kawo man shanu cikin ƙwarya, aka narka, aka cika na dama.

Mayar da sifirin ya fi fitar da shi wuya, don sai an danne shi kafin noti ya kama. Lawali ya riga ya ɗauki darasi, ya cire hularsa ya sa a aljihu. Maza uku suka danna, ya ƙi. Aka gitta katako a kai, suka hau, ya ɗan sauka ya tsaya. Ladi ta tashi daga kujerarta, ta kore su, ta zauna a tsakiyar katakon. Sifirin ya kwanta lumui. Lawali ya ɗaure notin da sauri, yana roƙon Inna Ladi don Allah kada ta yi atishawa.

Aka mayar da ƙafafu, aka ɗaura tayoyi, aka janye turame. Motar ta tsaya, amma yanzu hagu ne a sama, dama a ƙasa. Lawali ya ja da baya ya kanne ido ɗaya, kamar yadda yake duba ƙafar wando. A ɗinki in ƙafa ɗaya ta fi tsawo, rage ta ake yi. Amma rage sifirin na nufin a sake kwance shi, kuma Lawali ya rantse ba zai ƙara kusantar wancan notin ba. Sai ya ce a ƙara wa gajeren. Mamman ya sassaƙo guntun icen kirya, ya huda shi, aka kwance saman ƙafar dama daga jikin motar aka cusa icen a tsakani, aka ɗaure da dogayen kusoshin da ya ƙera. Aka sauke. Dama ta wuce hagu da yatsa uku. Aka sassaƙo wani aka sa a hagu. Hagu ta wuce. Haka aka wuni, wannan ta hau, waccan ta bi ta, masu ɗagawa suna canza juna, har icen kiryar ya ƙare aka koma kan guntun giginya. Da la'asar sakaliya ƙafafun suka yi daidai. Lawali ya goge gumi ya ce alhamdu lillahi.

Sai dai yanzu motar sama take kallo. Fitilunta sun saiti kan bishiyar kuka, bayanta ya kusa taɓa ƙasa, ta yi kama da karen da ke jiran a jefa masa ƙashi. Masu amsa gaisuwarta a da suka ce ta yi arziki, girman kai ya shige ta.

Ana gobe suna, da hantsi, aka yi shirin tafiya. Baffa ya shiga baya da raguna biyu. Ladi ta shiga gaba da kwandon da za ta zubo kifi. Lawali ya tara matasai biyu a kan kujerar direba ya hau, ya kama sitiyari, ya duba gilashi. Abin da ya gani shi ne gajimare da shirwa ɗaya. Hanya kuwa babu ita. Ya ce a nemo nauyi a ɗora a gaba. Mamman dama zai bi su da kayan aikinsa saboda ko-ta-kwana, sai aka ɗauko uwar maƙerarsa aka ɗaure da igiya a kan murfin inji. Gaban ya ɗan sauko, amma bai isa ba. Mamman ya hau ya zauna a kan uwar maƙerar. Yanzu Lawali na ganin bayan Mamman, da gajimare a kowane gefe.

Suka shirya da hannu: Mamman ne idon mota. In ya ɗaga dama, Lawali ya karya dama. In ya ɗaga hagu, hagu. In ya ɗaga duka biyu, birki. Aka tura, inji ya kama, rabin kasuwa suka raka su har bayan gari.

Da farko abin ya tafi lafiya ƙalau. Lawali na bin hannun Mamman, motar na haye ramuka ba gwaram ko ɗaya, har ya fara tunanin ko ya rufe rumfa ya buɗe garejin gyaran ƙafafun mota. Ladi ta ce ita dai ji take kamar a kwance take, kuma ba ta ƙi ba.

Da rana ta ɗaga, ƙafafun suka ɗauki zafi, mai ya fara tsartowa ta bakin bututun. Wani ƙamshi ya tashi, ta hagu kamar rumfar mai ƙosai, ta dama kamar tuwon biki. Baffa ya shaƙa ya ce a ji bambanci, na dama ya fi. Kafin su kai Kambaza ƙudaje sun ji labari. Suka taru a gaban motar, kuma abin da suka fara samu a wurin shi ne fuskar Mamman.

Mamman ya kai wa ƙuda mari da hannun dama. Lawali ya karya dama. Ya kore wani da hagu, Lawali ya dawo hagu. Ƙudajen suka ƙaru, hannuwan Mamman suka shiga aiki ba ƙaƙƙautawa, motar ta bar hanya ta shiga gonar gero, ta kewaya wata tsamiya, ta fito, ta sake kewaya ta. Lawali na ta mamakin yadda hanyar Kambaza ta lalace da kwana-kwana tun zuwansa na bara. Ragunan suka faɗa kan Baffa, Baffa ya faɗa kan raguna. Ladi ta leƙa ta taga ta ce wannan tsamiyar ta gan ta ɗazu. Ana cikin haka ƙuda ya shiga hancin Mamman, ya kai hannu biyu, Lawali ya taka birki, suka tsaya cak a tsakiyar kasuwar Kambaza.

Mutane suka kewaye su, wasu da kwano a hannu, suna tambayar ina mai suyar. Ladi ta yi baƙin cikin rashin zuwa da tandarta. Aka ba Mamman mayafi ya naɗe kansa sai ido, aka ja masa kunne cewa ko kunama ce ta hau shi kada ya motsa hannu sai don hanya. Suka tashi, karnukan garin na biye da su a jere suna lasar sawun taya, ba su juya ba sai da suka ga sun shiga ƙasar wasu karnukan.

Bayan azahar man ya ƙare ƙaf a ƙafafun biyu, ba sauran abin da ke tausar sifirin. In motar ta taka dutse ɗaya sai ta yi ta tsalle har a manta da dutsen. Mamman na tashi sama yana dawowa kan uwar maƙera. Baffa ya bar lissafin raguna ya koma salati. Lawali na jin kusoshi na kuka a ƙarƙashin ƙafarsa, yana ce wa kansa sabon ɗinki dama sai ya ɗan yi tauri kafin ya saki.

Sun hango dogayen giginyun Kalgo ke nan suka iso wani ɗan kwari da ruwan daren jiya ya zaizaye. Mamman ya ɗaga hannu biyu a kan lokaci, amma daidai lokacin motar na sama, birki kuwa ba ya kama iska. Suka dira a cikin kwarin. Guntayen itacen suka fice ta kowane gefe kamar an watsa wa kaji tsaba, sabon sifirin ya karye, gaban motar ya durƙusa irin na raƙumi. Igiya ta tsinke, uwar maƙera ta zame a hankali ta gangara ta kan murfin inji da Mamman a kanta, ta sauka kan yashi a tsaye. Mamman na zaune yadda yake. Ya kwance mayafin, ya dubi hagu da dama.

"Mun iso?" ya tambaya.

Ba wanda ya ji ciwo. Lawali ya fito ya tsuguna a gaban motar, ya ga hancinta a cikin yashi. A karon farko tun safe yana iya ganin hanya sarai, sai dai motar ba ta iya bin ta. Ya sa giya ya gwada, ta ƙara nutsa hanci. Ya zauna a bakin hanya, ga alkawarin ƙofar masallaci, ga garin yana kallon su.

Ladi ce ta ce, in akuya ta ƙi ja ta gaba ai ta baya ake jan ta. Lawali ya tashi ya sa ribas. Motar ta fita daga yashin sumul, tana jan hancinta a ƙasa. Wasu manoma da ke shuka a kusa suka zo suka taimaka aka juya ta, bayanta ya fuskanci Kalgo. Aka sa Mamman da uwar maƙerarsa a but, wurin kaya na bayan motar, don gaban ya ɗan sami sauƙi.

Yanzu Baffa Isa ne a gaba, shi da raguna. Wuyan Lawali gajere ne, ba ya iya waiwaye ya daɗe, sai Baffa ya karɓi jagora. Ya durƙusa a kan kujera yana kallon gilashin baya, yana ba da umarni da irin kiran da yake yi wa shanu, yana buga sandarsa a jikin ƙofar da yake so a bi. A ribas dama takan zama hagu, kuma Baffa bai yarda da wannan ba, amma a hankali suka fahimci juna. Fuskar tsohon ta saki. Ya ce ashe dabbar na da hankali, ba a san ta inda ake kora ta ba ne.

Ƙarfen gaban motar na tafe yana tsaga ƙasa, yana barin kunya miƙaƙƙiya a bayansu. Ɗaya daga cikin manoman, wani mai suna Haruna, ya bi su da gudu har ya kamo tagar Lawali. Ya ce don Allah in ba za su damu ba, gonarsa na nan gefen hanya, su ɗan ratsa ta ciki ko sau biyu ne. Lawali ya ce suna sauri. Baffa ya ce taimakon manomi lada ne, ya buga ƙofar hagu. Suka ratsa.

Da la'asar suka shiga Kalgo da baya. Mutanen da ke zaune a gindin bishiyoyi suka ga mota hancinta na kallon hanyar Gwandu, suka ɗaga hannu suna cewa a sauka lafiya, a gai da gida. Wata mata ta fito da ƙullin daddawa ta bi su tana roƙo a kai wa 'yarta da ke aure a Gwandu. Ladi ta karɓa don kada a tsaya dogon bayani. Da suka tsaya a ƙofar gidan suna, Abu ya fito ya ga motar ta juya, ya ga Baffa a ciki, sai fuskarsa ta canza.

"Baffa, mi munka yi muku?" ya ce. "Ko ruwa ba ku sha ba za ku koma?"

Sai da aka sauke raguna, aka buɗe but Mamman ya fito, sannan Abu ya yarda zuwa suka yi.

Lawali ya shiga cikin gida gaida mai jego. Hadijatu na zaune a ɗaki, jarirai biyu na kwance a gefenta cikin tsumma. Ta yi murna da ganinsa, ta tambayi hanya, ya ce lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ya ɗauki ɗaya ya yi addu'a, ya ɗauki ɗayan. Sai ta dubi hannunsa, ta dubi bayansa, ta ce ina rigunan? Duk matan unguwa ta gaya musu yayanta tela ne a Gwandu, gobe za su ga abin da tagwaye za su sa.

Sai a nan Lawali ya tuna. Mako guda cur bai taɓa allura ba. Ya ce mata suna nan tafe, ya fita da sauri ya tambayi Abu ko akwai mai keken ɗinki a garin. Aka kai shi wurin wani tsohon tela mai suna Abdulgani, wanda ya ba shi aron keke da ragowar farin yadi. Kafin magariba ya gama 'yan riguna biyu, ya kawo aka gwada. Sun sauko har sun rufe ƙafafun jariran sun yi saura, Hadijatu ta naɗe ƙasan ta ce ba komai, za su girma su tarar da su.

Da safe aka raɗa suna, Hassan da Husaini, aka yanka ragunan Baffa. Ladi ta cika kwandonta da kifi ta sami babbar motar 'yan kasuwa ta koma, ita da Mamman da uwar maƙerarsa da ƙullin daddawar mutane. Baffa ya ce zai ƙara kwana biyu ya ga shanun fadama. Motar kuwa ta zauna a ƙofar gidan Abu har ƙarshen damina, yana shanya taru a kanta, kafin wani direba ya samo wa Lawali tsofaffin ƙafafu biyu daga Sakkwato. Lawali ya tsaya a bayan katanga lokacin da ake ɗaura su, yana ba da shawara daga can.